Bugun zuciya: me ya sa mata suka fi mutuwa bayan an kai su asibiti?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dakta Ummi, Dakta Kabiru, Sista Rabi, don Allah ku zo ku warware min wannan. Wai a Ingila, inda ba a biyan kuɗin asibiti kuma motar ɗaukar marasa lafiya har ƙofar gida take zuwa, macen da ta samu bugun zuciya ta fi namiji haɗarin a kasa gane ciwonta a duban farko, da kashi 50 cikin 100. Jami'ar Leeds ce ta fitar da wannan a 2016. Sai kuma gidauniyar British Heart Foundation ta ce a 2019, mata sama da 8,000 sun rasu a Ingila da Wales cikin shekara goma saboda ba su samu irin kulawar da maza ke samu ba. Ni kam tun tasowata Alhazai nake jin an ce sun yanke jiki sun faɗi a kasuwa ko a ofis. Ban taɓa ɗaukar wannan ciwo na mata ba ne. Ya abin yake?

Baban Khalifa:
Wa'alaikumussalam. Maman Hanan, kada ki bari Turawa su jefa ki cikin rigimarsu ta maza da mata, yanzu komai sai sun ce wariya ce. Lissafin a fili yake. Namiji yana kamuwa yana ɗan hamsin da wani abu, mace kuwa sai ta tsufa. Tsohuwa mai shekara saba'in da biyar, ga suga ga hawan jini, ai dole ta fi magidanci mai ƙarfinsa saurin tafiya. Wane likita ne zai ga mutum na mutuwa ya tsaya duba namiji ne ko mace?

Malam Na-Ta'ala:
Kowa dai da ajalinsa. Allah ya sa mu cika da imani.

Anti Bilki:
Amin Malam. Amma ai ko raƙumi cewa aka yi a ɗaure shi sannan a yi tawakkali.

Dakta Ummi:
Wa'alaikumussalam, yanzu na sauka daga aiki. Baban Khalifa, batun shekaru ka faɗi gaskiya. Binciken INTERHEART da aka yi a ƙasashe 52, wanda ya fito a 2004, ya nuna yawanci namiji yakan samu bugun farko yana da shekara 56, mace kuma 65. Kafin al'ada ta ɗauke wa mace, jikinta na ba ta wata kariya.

Amma da shekaru ne kaɗai, a wajen tsofaffi ya kamata a ga tazarar ta fi faɗi. Sai ga shi akasin haka ne. A 1999 Viola Vaccarino da abokan aikinta sun duba bayanan marasa lafiya sama da 380,000 a Amurka. A cikin 'yan ƙasa da shekara 50, mutuwar mata a gadon asibiti ta ninka ta maza har da ɗori. Tazarar na raguwa ne yayin da shekaru ke hawa, bayan 74 ma ta ɓace. Wato ba kakarka ce ta fi shiga haɗari idan aka gwada ta da sa'anta namiji ba, matarka ce.

Sannan ga Suwidin, ƙasar da kowa ke yaba tsarin lafiyarta. An bi mutum sama da 180,000 daga 2003 zuwa 2013. A cikin waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe gaba ɗaya, damar a yi wa mace aikin buɗe jijiya ta gaza ta namiji da kashi 34, damar a rubuta mata statin mai rage kitsen jini ta gaza da kashi 24, ko asfirin da ba shi da tsada ta gaza da kashi 16. Da masu binciken suka yi lissafi da batun magani, suka gwada waɗanda suka samu kulawa iri ɗaya, tazarar mutuwar ta ragu ƙwarai.

Baban Khalifa:
Dakta, kin sa matata a ciki don ki rufe min baki ko? To amma ni na sha ji ana cewa mata ba sa jin ciwon ƙirji sam, nasu alamomin daban ne. In haka ne laifin likita ina yake? Abin da bai bayyana ba ai ba a ganinsa.

Ummu Affan:
Ni ma haka na gani a wani bidiyo a TikTok. Wai mace gajiya kawai take ji da ciwon baya.

Sista Rabi:
Wannan bidiyon da ire-irensa sun fi ba ni tsoro a kan jahilci, wallahi. Ni a sashen gaggawa nake aiki a nan Ingila. A Edinburgh an yi bincike da ya fito a 2019, aka tambayi marasa lafiya abin da suke ji tun kafin sakamakon gwaji ya fito. A cikin waɗanda aka tabbatar bugun zuciya ne, kashi 93 na maza sun ce ciwon ƙirji, kashi 93 na mata ma ciwon ƙirji. Daidai wa daida. In kika yarda cewa ke mace ba a ƙirji naki zai zo ba, ranar da ya danne miki ƙirji sai ki ce ai wannan ba shi ba ne.

Bambancin da nake gani da idona a wajen ba da labari yake. Namiji zai shigo hannunsa dunƙule a tsakiyar ƙirji, ya ce nan ne, kalma uku ya gama. Mace za ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya, ta fara da ba ki haƙuri wai ta ɓata miki lokaci. Ta ce kwana biyu ba ta barci, ta ce zuciyarta na tashi, muƙamuƙinta na tsami, wataƙila abin da ta ci ne, dama mijinta ba shi da lafiya hankalinta ba a kwance yake ba. Sai can a tsakiyar zance ta ce ƙirjin ma ya yi mata nauyi tun safe. In mai sauraro yana sauri, ga layi a waje, abin da zai rubuta shi ne damuwa ko ɓacin ciki. Ta faɗi ƙirjin, ba a tsince shi ba ne.

Dakta Ummi:
Sista ta gama magana. In ƙara da binciken VIRGO na Amurka a kan 'yan shekara 18 zuwa 55: mata kashi 87 sun zo da ciwon ƙirji, maza kusan 90. Sai dai mata sun fi haɗawa da wasu alamomin, amai, numfashi sama-sama, ciwon wuya ko tsakanin kafaɗu. A cikin waɗanda suka je ganin likita kafin a kwantar da su, mata kashi 53 sun ce likitan bai ɗauka zuciya ba ce. A maza kashi 37 ne.

Hajiya Yalwa:
Ku bar ni in faɗi nawa, don ba a Ingila ya faru ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana da hawan jini tun haihuwarta ta ƙarshe. Cikin azumi ne, bayan la'asar, tana tuyar ƙosai a tsakar gida. Sai ta ajiye matsamin ta zauna a kan turmi, zufa na tsiyaya har ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf, alhali ba ta kusa da wutar ma. Ta ce wani abu ya tokare mata ƙahon zuci, ta yi ta kakarin amai. Kowa a gidan ya ce azumi ne ya tayar mata da olsa. Aka aiki yaro kemis ya sayo farin ruwan maganin nan, ta ƙi sha sai da aka kira magariba.

Da abin ya ƙi, washegari muka kai ta wani asibiti. Wanda muka tarar ya tambaye ta, Hajiya kina da olsa? Ta ce eh. Ko abin sauraren ƙirji bai ɗora mata ba. Allura, magani, a rage yaji, a dawo in bai daina ba. Sai da numfashi ya fara gagararta muka canza asibiti, wani yaron likita ya ce a yi ECG, gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa a takarda. Yana kallon takardar fuskarsa ta canza. Ya ce an makara, wani sashe na naman zuciyar ya riga ya mutu. Tana nan da ranta alhamdulillah, amma matar da ke dakan fura da kanta yanzu alwala sai an kawo mata buta, barci kuma sai an tara mata filo uku.

Abin da ke cin raina, mijinta ya taɓa yin irin wannan ƙorafin shekarun baya, a daren aka ɗauko mota, aka yi masa duk gwajin da ake yi. Nashi ashe iskar ciki ce.

Anti Bilki:
Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya Hajiya, ya sa kaffara ne.

Dakta Ummi:
Amin. Hajiya, in tambaye ki, olsar nan an taɓa zura mata na'ura ta baki an gan ta?

Hajiya Yalwa:
Ina fa. Ita ta ce tana da ita, mu ma muka ce tana da ita.

Dakta Ummi:
To kin gani. A asibitocinmu da wuya ki tambayi mace ta ce ba ta da olsa, kuma mafi yawa ba wanda ya taɓa tabbatar musu. Da ta furta, likitan da ya gaji sai ya ji an rage masa aiki. Macen da ta haura arba'in, mai hawan jini ko suga, ta zo da nauyin ƙirji ko ƙahon zuci haɗe da zufa mai sanyi, ECG ake fara yi. Ƙa'idar ita ce cikin minti 10 da isowarta. In ya fito lafiya a maimaita, a ɗebi jini, sannan a yi zancen olsa.

Dakta Kabiru:
Na karanta duka. Ban musa alƙaluman ba, amma kada a tashi daga nan da tunanin likitoci maza mugaye ne. Akwai abubuwan da suke na halitta. Jijiyoyin zuciyar mace sun fi sirantaka, kuma ta fi namiji saurin zubar jini bayan an zura mata waya cikin jijiya ko an ba ta magungunan tsinka jini, don haka likita kan yi ɗari-ɗari. Na biyu, ba kowane bugun zuciya ne kitse ke toshewa ba. Akwai wanda bangon jijiyar ke tsagewa da kansa, wajen kashi 90 na masu shi mata ne, galibi ba tsofaffi ba, wasu ma masu ciki ko masu jego. Irin wannan sau da yawa ba a so a saka masa ƙarfen buɗe jijiya, magani ake bayarwa a sa ido. Akwai kuma wanda za a ɗauki hoton jijiyoyin a ga manyan a buɗe suke, matsalar na can cikin ƙanana. Shi ma ya fi yawa a mata. To in aka ce an fi yi wa maza aikin buɗe jijiya, wani kason na tazarar daga nan yake.

Dakta Ummi:
Wani kaso, na yarda. Amma Dakta, tsagewar jijiya ba ta hana a rubuta wa sauran matan statin. Kuma me ya sa sai a 'yan shekarun nan muka san waɗannan nau'o'in sosai? Saboda ilimin da aka koya mana da ni da kai a jikin maza aka gina shi. Babban gwajin da ya nuna asfirin na rage bugun zuciya, wanda ya fito a 1989, likitoci maza 22,071 aka yi wa, babu mace ko ɗaya. Sai a 2005 na mata ya fito, mutum kusan 40,000, aka ga a wajensu shanyewar ɓarin jiki ya fi ragewa, ba bugun zuciya ba. Hukumar magunguna ta Amurka tun 1977 ta ce a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga gwajin farko na sababbin magunguna, sai a 1993 aka janye, a shekarar da majalisarsu ta wajabta saka mata a binciken da gwamnati ke ba kuɗi. Bernadine Healy, likitar zuciya kuma mace ta farko da ta shugabanci cibiyar binciken lafiya ta NIH, ta rubuta tun 1991 cewa mace ba ta samun kulawa irin ta namiji sai ta fara nuna ciwonta irin nasa ne.

Injiniya Sule:
Ni tambayata ta masu awo ce. Gwajin jinin da ake yi, mizaninsa ɗaya ne ga kowa?

Dakta Kabiru:
Tambaya mai kyau, Injiniya. Sinadarin sunansa troponin, yana fita cikin jini in naman zuciya ya ji rauni. Zuciyar mace ta fi ƙanƙanta, abin da take fitarwa bai kai na namiji ba, amma shekara da shekaru layi ɗaya aka ja wa kowa. A Edinburgh a 2015 aka gwada sabon awo mai kaifi, aka ja wa mata layinsu a kan 16, maza a kan 34. Matan da aka gano suna da bugun zuciya suka tashi daga kashi 11 zuwa 22. A maza daga 19 zuwa 21 kawai. Ka ga wannan matsalar na'ura ce, ba ta son zuciya ba.

Sista Rabi:
Dakta, ka ƙarasa labarin mana. Bayan nan an shimfiɗa sabon awon a asibitoci goma na Sikotilan, mutum sama da 48,000. An gano ƙarin mata da yawa, gaskiya ne. Amma maganin da aka ba su kusan rabin na maza ne, kuma sakamakonsu bai gyaru ba. Na'ura ta ce ga ciwo, takarda na hannun likita, aka sallame ta.

Dakta Kabiru:
Haka ne, sai dai da yawa cikin waɗannan ƙarin matan tsofaffi ne masu ciwon ƙoda da wasu cututtukan da su ma ke ɗaga troponin. Ba kowacce ce ta dace a shigar ɗakin aiki ba.

Sista Rabi:
Tsofaffin maza masu ciwon ƙoda fa?

Baban Khalifa:
Yau Dakta Kabiru ya shiga hannu. To ku faɗa mana kawai, in matata ba lafiya in nemi likita mace ke nan?

Dakta Ummi:
Akwai binciken da ya taɓo wannan. An duba marasa lafiya kusan 580,000 da aka kai sassan gaggawa a jihar Florida daga 1991 zuwa 2010, aka ga mata sun ɗan fi mutuwa a hannun likitoci maza, a hannun likitoci mata kuwa kusan babu bambanci. Amma tazarar ba babba ba ce, kuma likita namijin da ke aiki cikin abokan aiki mata, ko ya saba duba mata da yawa, nasa sakamakon ya fi kyau. Don haka a'a, kada ka ɓata minti ɗaya kana neman mace. Wanda ka tarar, ka ce masa muna tsoron zuciya ce, a yi ECG.

Abin da ya fi burge ni shi ne na asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka. Daga 2014 suka tsara matakai huɗu da za a bi wa duk wanda ECG ɗinsa ya nuna toshewa: likitan gaggawa da kansa ya kira masu buɗe jijiya ba sai ya jira izini ba, a bi jerin magungunan da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, a wuce da mara lafiya nan take, a shiga ta jijiyar hannu maimakon ta cinya don rage zubar jini. Ba su yi wa kowa wa'azi a kan mata ba. Ratar mutuwa tsakanin mata da maza cikin kwana 30 ta sauka daga 6.1 zuwa 3.2 cikin ɗari.

Anti Bilki:
Ni fa ECG ɗin nan ne matsalata. An taɓa rubuta min, na shiga na tarar da saurayi sa'an ɗana, ya ce in cire riga. Na ɗauki mayafina na fito.

Sista Rabi:
Anti, wayoyi shida ake mannawa a ƙirji, wasunsu a ƙarƙashin nonon hagu, huɗu a hannu da ƙafa. Minti biyar bai cika ba. Kina da haƙƙin ki ce a kira nas mace ta manna, a lulluɓe ki da zani, shi ya danna na'ura. Kuma kunyar ba tamu ce kaɗai ba. A Amurka an ƙirga waɗanda zuciyarsu ta tsaya a bainar jama'a: maza kashi 45 sun samu wanda ya danna musu ƙirji kafin motar asibiti ta zo, mata kashi 39. A cikin gida kuwa kusan daidai suke. Mutane na tsoron taɓa ƙirjin matar da ba tasu ba.

Malam Na-Ta'ala:
Wannan kam babu saɓani a kai. Larura tana halatta abin da aka hana, kuma ceton rai yana gaba. Hajiya Bilki, a koma a yi gwajin.

Ɗan Tasawa:
Ina gaida likitoci. Mu nan in abu ya yi tsanani Maraɗi ake nufa, daga nan sai Yamai. Duk wannan buɗe jijiya da kuke faɗi, namijin ma ina ya gan shi? Kuma matan da na sani da ciwon zuciya masu jego ne, ƙafa ta kumbura, numfashi ya ƙi.

Dakta Kabiru:
Wancan ciwo ne daban, naman zuciya ne ke saki a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, ba toshewar jijiya ba. Ƙasar Hausa na cikin inda ya fi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kansa, Farfesa Kamilu Karaye na Kano kuma ya jagoranci babban bincike a kai. Ya cancanci zaurensa daban. A kan bugun zuciya kuwa, rajistar RACE-Nigeria da Farfesa Simeon Isezuo na Sakkwato ya jagoranta ta tattara mutum 1,072, kusan kashi biyu cikin uku maza. Amma rajista waɗanda suka iso babban asibiti take ƙirgawa. Yayar Hajiya Yalwa da ba su canza asibiti ba, a takarda mai olsa ce.

Dakta Ummi:
Kuma haihuwar na da alaƙa ta wata hanyar. Macen da ta yi hawan jinin ciki, irin mai kai wa ga jijjiga, haɗarin ciwon zuciyarta nan gaba ya kai ninki biyu. Suga ma ya fi yi wa zuciyar mace illa a kan ta namiji. Amma da an yi suna an gama wankan jego, ba mai sake auna ta sai wani cikin.

Baban Khalifa:
Ni har yanzu ban yarda da kalmar wariya ba. Amma na Cleveland ɗin nan ya yi min, a rubuta doka kowa ya bi.

Ummu Affan:
Dakta, to in ya faru cikin dare, me za mu yi kafin a isa? Mamata na da suga da hawan jini, kuma ita ma cewa take tana da olsa.

Dakta Ummi:
In nauyin ƙirji ko ƙahon zuci ya wuce 'yan mintoci bai saki ba, musamman da zufa, amai ko ƙarancin numfashi, kada a aika kemis, kada a jira gari ya waye, kada a jira mai gida ya dawo, a kira shi a hanya. A zaunar da ita, kada ta yi ta kai-kawo tana haɗa kaya. A ba ta asfirin mai miligiram 300 ta tauna, sai fa in jikinta ba ya karɓarsa ko ta taɓa yin aman jini ko baƙin bayan gida. A nufi asibitin da ke da ECG da ɗakin gwajin jini da ke aiki da dare, ko da akwai ƙaramin da ya fi kusa. Inda babu masu buɗe jijiya akwai allurar narkar da gudan jini irin su streptokinase, tana aiki ne cikin awa 12 na farko, kuma ta fi amfani a awa biyu zuwa uku na farko. Ki nemi sanin wane asibiti ne a garinku ke da ita tun yanzu da Mama ke lafiya, ki ajiye lambar mai motar da zai ɗauka ko ƙarfe nawa ne.